Tara a Ƙofar Gida: Don Me Ɗan Haya Zai Biya?



Yau da fushi na zo, gara in faɗa tun daga farko. Ina da wata yaya, ɗiyar wan mahaifina, da ke aikin kula da tsofaffi a wani gari na arewacin Ingila. Haya take yi a wani bene mai gidaje da yawa, kuma cikin kuɗin da take biya duk wata har da wurin ajiye mota guda ɗaya mai lamba. Wata safiya ta dawo daga aikin dare, ta yi fakin a wurinta, ta hau sama ta kwanta. Da la'asar ta sauko sai ta tarar da wata leda ruwan ɗorawa manne a gilashin motar. Takarda ce daga wani kamfani mai zaman kansa, wai ta biya fam 100, ko fam 60 in ta hanzarta cikin kwana 14. Laifin nata kuwa, ɗan katin izinin da ake ajiyewa a jikin gilashi ne ya zame ya faɗa ƙarƙashin kujera.

Ta kira ni muryarta na rawa. Ta ce, "Ƙanina, ni dai biya zan yi in huta. Ƙasar mutane ce, kada a je a ɓata min takardu."

Na ce, "Yaya, don Allah ki dakata. Turo min hoton takardar gaba da baya, sannan ki haɗo min da yarjejeniyar hayarki, duk shafukanta."

Fam 100 a canjin lokacin ya doshi naira dubu 200. Amma abin da ya fi kuɗin ci min rai shi ne a ce mutum ya biya haya, an ba shi mabuɗi, an nuna masa wurin motarsa, sannan wani da bai taɓa ƙulla komai da shi ba ya zo ya ce ya biya don ya kwana a ƙofar gidansa. Na yi dare uku ina karatu a kan lamarin. Abin da na gano shi zan shimfiɗa muku, domin 'yan uwanmu da ke karatu da aiki a can suna da yawa yanzu, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu fara da yaudarar farko, wato siffar takardar. A Ingila, in ka saɓa dokar fakin a titin gwamnati, ƙaramar hukuma ce ke cin ka tara, kuma doka ce ta ba ta wannan iko. Kamfani mai zaman kansa ba shi da wannan ikon. Abin da yake mannawa a gilashinka takardar neman kuɗi ce bisa zargin ka karya yarjejeniya. Hujjarsu ita ce allon da suka kafa a bakin fili tayi ne, kai kuma da ka shigo ka ajiye mota ka amsa tayin. Sai dai ku dubi wayon: takardar hukuma da ta kamfani duka ana taƙaita sunansu da haruffa uku iri ɗaya, PCN. Ledar ma kusan launi ɗaya ce. Mu kuwa da muka taso muna ganin duk takarda mai hatimi da jan rubutu a matsayin gwamnati, da mun gan ta sai gaba ya faɗi. To ku sani, wannan magana ce ta bashi tsakanin mutum da kamfani. Babu ɗan sanda a ciki, ba ta taɓa lasin tuƙi, kuma ba ta shiga kundin masu aikata laifi.

Yadda aka zo nan yana da tarihi. A da, waɗannan kamfanoni ɗaure tayar mota suke yi da ƙarfe, sai ka biya su kwance. A Sukotlan kotu ta yanke tun 1992 cewa wannan ƙwace ne. A Ingila da Wels sai da aka kai 1 ga Oktoba 2012 kafin Dokar Kare 'Yanci ta shekarar ta haramta ɗaure mota a filin da ba na gwamnati ba. Amma dokar da ta karɓe musu ƙarfe ita ta miƙa musu alƙalami. Ta ba su damar bin wanda motar ke da rajista da sunansa in ba su san direban ba, muddin sun cika wasu sharuɗɗa. Adireshin mai motar kuma a wurin hukumar rajistar motoci ta DVLA suke saye, fam 2 da rabi kowane suna. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 sunayen da suka saya sun haura miliyan 12. Ku raba da kwanakin shekara, za ku samu sama da 30,000 a kowace rana ta Allah. Wannan ya wuce gyaran tarbiyyar direbobi, kasuwa ce ke ci.

Sai aka yi shari'ar da duk kamfanonin ke tinƙaho da ita. Wani mai shagon soya kifi da dankali, Barry Beavis, ya ajiye mota a filin wasu shaguna a garin Chelmsford a 2013. Awa biyu kyauta ne, shi kuma ya ƙara minti 56. Kamfanin ParkingEye ya nemi fam 85, ya ƙi biya, magana ta kai Kotun Ƙoli. A Nuwamba 2015 kotu ta ba kamfanin gaskiya. Dalilinta shi ne allunan a bayyane suke, kuma masu shaguna na da halastacciyar buƙata ta motoci su riƙa shiga suna fita don masu sayayya su samu wuri. Tun daga ranar kusan duk wasiƙar barazana sai ta ambaci sunan Beavis, kamar wani laya.

To amma ina haɗin Beavis da yayata? Beavis baƙo ne a filin kasuwa. Ba shi da wani haƙƙi a wurin kafin ya shigo, allon ne ya ba shi izinin tsayawa, don haka allon na iya gindaya masa sharaɗi. Ɗan haya kuwa ya riga ya mallaki haƙƙin wurin tun ranar da ya sa hannu a yarjejeniyar haya. A dokar yarjejeniya ta Ingila, sai kowane ɓangare ya ba ɗaya wani abu kafin a ce an ƙulla ciniki. Me kamfanin ya ba yayata? Izinin ajiye mota a wurin da take biya wa haya? Ai wannan kamar a sayar maka da akuyarka ce tana ɗaure a turkenka. Sannan wace buƙata ce ta shiga da fita a nan? Wurin nata ne ita kaɗai, ko motar ta kwana wata guda ba ta tare wa kowa hanya ba.

Wannan ba ra'ayina ba ne kawai. A 2001 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Saeed da Plustrade, ta hana wani mai gini a Landan tauye haƙƙin fakin da ya riga ya ba mai zama a gidan. Ƙa'idar tsohuwa ce a dokarsu: ba ka bayarwa da hannun dama ka karɓe da na hagu. A 2016 kuma, a shari'ar Jopson da Homeguard, wani alƙali a kotun gunduma ta Oxford ya ba wata mazauniyar bene gaskiya bayan an caje ta don ta tsaya a ƙofar gini tana sauke kaya. Ya ce allon kamfani ba ya shafe haƙƙin da takardar gida ta bayar. Hukuncin kotun gunduma ba ya ɗaure sauran alƙalai, amma suna dubawa su yi la'akari da shi, kuma 'yan haya da dama sun yi nasara da irin wannan hujjar.

Na san abin da masu kare kamfanonin za su ce. Za su ce don amfanin mazauna aka kawo su, don kada baƙi su riƙa cika wuraren mutane. Matsalar gaskiya ce, ban musa ba. Duk wanda ya dawo aiki ƙarfe biyun dare ya tarar da motar wani a wurinsa ya san zafin abin. Amma a tambaya, daga ina kamfanin ke samun kuɗinsa? A wurare da yawa mai kula da gini ba ya biyan su ko sisi, abin da suka tara daga takardun caji shi ne ribarsu. A shari'ar Beavis ma kamfanin ne ke biyan mai filin kuɗi duk mako don a bar shi ya yi aikin. To in baƙi sun ji tsoro sun daina zuwa, wa ya rage a filin? Mazauna gidan. Su ne motocinsu ke nan dare da rana, su ne katinsu zai faɗi wata rana, ko rana ta kodar da shi, ko su manta su mayar da shi bayan sun karɓo motar aro daga gareji. An ɗauko kare don gadin gida, ya rasa ɓarawo ya koma cizon 'ya'yan masu gida. Da da gaske kare mazauna ake son yi, ai rubuta lambobin motocinsu a kwamfuta bai fi aikin minti goma ba. Kuma ranar da mutum ya nuna shi ɗan gida ne, sai a yafe nan take.

Gwamnatin ma ba ta fita ba. Majalisa ta yi doka a 2019 cewa a fito da ƙa'idar aiki guda ɗaya da za ta ɗaure duk kamfanonin. An fito da ita a Fabrairu 2022, har da rage mafi yawan caji zuwa fam 50. Kamfanoni suka garzaya kotu, zuwa Yuni na shekarar gwamnati ta janye ta. A 2024 sai ƙungiyoyin kamfanonin guda biyu, BPA da IPC, suka rubuta wa kansu tasu ƙa'idar, suka bar cajin a fam 100. Kura ce aka ba ajiyar nama, ta kuma rubuta dokar rabo da hannunta.

Yanzu bari in juyo kanmu, don fushina bai tsaya a kan kamfani ba. Da yayata ta ba da labari a cikin 'yan uwanmu na can, shawara iri biyu ta samu, kuma duka biyun guba ne.

Kashi na farko suka ce ta biya ta bar wa Allah, baƙo ba ya ja da ɗan gari. Ina girmama haƙuri, amma wannan tsoro ne aka sa wa rigar haƙuri. Rangwamen nan na fam 60 tarko ne da aka ɗana daidai da irin wannan zuciyar: a sa ka gaggawa kafin ka samu lokacin karanta takardarka. Da zarar ka biya, galibi ƙofar ƙorafi ta rufe. Kuma katin da ya faɗi yau zai sake faɗuwa gobe. Wanda ya biya sau ɗaya a ƙofar gidansa ya nuna musu gonar da za su riƙa girbi.

Kashi na biyu suka ce ta yaga ta zuba a kwandon shara, ai ba gwamnati ba ce. Wannan shawarar ta tsufa, ta zamanin kafin 2012 ce. Yau in ka yi shiru, sai wasiƙun masu karɓar bashi su fara zuwa, a ƙara har fam 70 a kai ya zama 170. Su waɗannan ba su da ikon taɓa ko cokalinka, surutu ne kawai. Amma kamfanin na da shekara shida da zai iya shigar da ƙara a kotun gunduma. In takardar kotu ta zo ba ka amsa cikin kwana 14 ba, sai a yanke hukunci a bayan idonka. In ba ka biya cikin wata ɗaya ba, hukuncin zai zauna a rajista shekara shida, kuma duk mai gidan haya ko banki ko kamfanin waya da ya bincika sunanka zai gani. 'Yan haya sun fi kowa faɗawa wannan rami, domin suna yawan sauya gida su manta su sauya adireshi a takardar rajistar mota, sai sammaci ya tafi tsohon gida. Rashin sani ya fi dare duhu.

Hanya ta uku ita ce a karanta, sannan a rubuta. Ga yadda muka yi.

Na fara da yarjejeniyar hayar, shafi bayan shafi. A shafi na biyu aka rubuta cewa gidan da aka ba ta haya ya haɗa da wurin mota mai lamba kaza. Na bi har ƙarshe ina neman inda aka ce sai ta nuna kati, ko inda aka ce za ta biya wani kamfani in ba ta nuna ba. Babu. Nan fa gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa: ba kowane ɗan haya ne zai samu haka ba. In takardarka ta ce dole ka nuna kati, ko ta ba mai gini ikon kafa sababbin dokokin fili, hujjarka ta yi rauni, ko da yake ba ta mutu ba. In kuma ba a ambaci wurin mota ba sam, sai ka nemi mai gidanka ya ba ka kofin tasa takardar mallakar, domin haƙƙinka daga nasa ya gangaro. Tun ran gini ran zane. Duk mai shirin karɓar haya a can, ya tabbata an rubuta lambar wurin motarsa kafin ya sa hannu.

Daga nan na sa ta ɗauki hotuna: lambar wurin, motar a ciki, katin, da allunan kamfanin da rana da kuma da dare. Na ce kada ta kira su a waya, komai ya zama a rubuce. Muka kuma lura da kwanaki, domin dokar 2012 ta ɗaure kamfanin da lokaci. In kyamara ce ta ɗauki mota, dole wasiƙa ta isa ga mai motar cikin kwana 14. In a gilashi aka manna takarda, wasiƙar mai mota sai bayan kwana 28, kuma kada ta wuce kwana 56. In suka kuskure wannan, ba su da ikon ɗora wa mai mota bashin direba, kuma babu dokar da ta tilasta maka gaya wa kamfani mai zaman kansa wanda ya tuƙa.

Sai wasiƙar ƙorafi, wadda ake da kwana 28 a aika. Rubutun farko da yayata ta yi shafi biyu ne cur, cike da ban haƙuri: ta gaji, aikin dare take yi, tana tura wa iyaye kuɗi, a tausaya mata. Na ce, "Yaya, wannan wasiƙar amsa laifi ce. Duk inda kika ce a yi haƙuri, kin yarda akwai bashi." Muka zubar da ita muka rubuta wata da ba ta kai rabin shafi ba. Ma'anarta da Hausa ita ce: ni ce mai rajistar wannan mota, kuma ni ce 'yar hayar gida mai lamba kaza. Yarjejeniyata ta ba ni wannan wuri ba tare da sharaɗin kati ba, ga kofi nan. Ban ƙulla komai da ku ba, allonku kuma ba ya sauya yarjejeniyata. Ku soke wannan caji, in kuma kun ƙi, ku nuna min takardar da mai filin ya ba ku izini, ku kuma ba ni hanyar ɗaukaka ƙara.

Ku da kuke koyon rubutu, ku lura da wannan. Shafi biyu na kuka bai kai layi shida na hujja nauyi ba, in wanda zai karanta ba tausayi ya zauna yi ba.

Kamfanin ya ƙi, kamar yadda muka zata. Amsar da suka turo ko kalma ɗaya ba ta taɓa maganar haya ba, ga alama iri ɗaya suke tura wa kowa. Mataki na gaba shi ne masu sauraron ƙorafi na waje. In kamfanin ɗan ƙungiyar BPA ne sai a tafi POPLA, in na IPC ne sai IAS. Zuwa POPLA kyauta ne, in ka ci dole kamfani ya bi, in ka faɗi kuma hukuncin bai ɗaure ka ba, alƙali ne kaɗai ke iya tilasta maka biya. Amma kafin mu kai nan muka bi wata hanya da mutane ke mantawa da ita, wato wanda ya ɗauko kamfanin aiki. Yayata ta rubuta wa mai gidanta cewa tana biyan kuɗin wurin da ake cin ta tara a kansa, don haka ya shiga maganar. Shi kuma ya matsa wa masu kula da ginin. Bayan kusan mako shida sai ga saƙo na layi biyu, an soke cajin, wai don nuna karamci. Karamci! Ka shiga gidan mutum ka ɗauki tukunyarsa, da aka yi ihu ka mayar, sannan ka ce a gode maka.

Kada wani ya ɗauka kullum haka ake ƙarewa. Akwai masu gidan da ba za su ɗaga waya ba, akwai 'yan hayar da sai sun tsaya gaban alƙali a sashen ƙananan ƙararraki, akwai kuma waɗanda suka faɗi don takardarsu ba ta goyi bayansu ba. Abin da nake ja a kai shi ne a daina yanke wa kai hukunci kafin a buɗe takarda. Yayata ta yi shekara biyu a gidan nan, yarjejeniyar na cikin akwati, ba ta taɓa karanta ta ba sai ranar da na matsa mata. Kuma kada mu yi mata dariya, domin mu nawa ne a nan muka karanta takardar hayar shago ko ta ɗakin da muke ciki kafin mu sa hannu? Mu nawa ne muka karanta abin da muka sa wa hannu ranar da muka miƙa littafinmu ga mai bugawa?

Tsarin da ke cin ɗan haya tara a wurin da ya biya zalunci ne, ko da an lulluɓe shi da allo mai kyau da sunan wata shari'a. Da tsoronmu yake rayuwa, da kuma ƙiwar karatunmu. Duk wanda ke da ɗan'uwa a Ingila ko Wels, ya isar masa da saƙon nan: kada ya yi gaggawar biya, kada kuma ya yi shiru. Ya ɗauko yarjejeniyarsa, ya duba kwanan wata, ya rubuta gajeriyar wasiƙa, ya ajiye kofin komai. In takardar kotu ce ta zo, ya amsa a kan lokaci, ya kuma nemi shawara a ofishin Citizens Advice, kyauta ne.

Yayata dai yanzu ta manne katin da salatif, ta kuma haɗa kan maƙwabtanta suna neman a rubuta lambobin motocinsu a daina wannan wasan. Inda na yi kuskure a gyara min, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya kare mu daga zalunci, ya kuma hana mu zaluntar wani. Sai mako mai zuwa in mai dukka ya kai mu. Wassalam.